Idon Adda Ɗaya da Muka Kai Masar

Tun da muka dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A masallacin unguwa, a makarantar da nake koyarwa, har a Kasuwar Kurmi wurin mai turarena, kowa sai ya tare ni: "Malam Mustafa, yaya Masar ɗin? Ka ga dalar Fir'auna? Wane irin aiki aka yi wa tsohuwa?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura duk bayarwa sai na manta wani abu ko na ƙara gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Mai son labarin dala ya yi haƙuri, daga nesa na hango ta ta tagar mota. Ni ido na kai, kuma shi kaɗai ya rage wa mai shi.

Idon mahaifiyata ne. Adda nake ce mata, don a hannun kakata na tashi, na ji ƙannenta suna kiranta haka ni ma na ɗauka. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa Bafulatana ce, duk da kakanninta sun daɗe da ajiye sanda sun zauna a Gwale. Wanda ya san kunyar ɗan fari ya san sauran. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" ne ni. In na shiga gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da saƙo, ko ina tsaye a wurin, sai ta ce wa jikarta, "Gaya wa wancan gawayi ya ƙare." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Haka muka tarar, haka muke zaune lafiya.

Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa. Wani mai ture yanar ido da allura ne ya zo unguwa shekarun baya, ya yi mata aiki a soro. Ta ga haske na 'yan watanni, daga nan ido ya yi ja, ya tafi. Na dama ne ya riƙe ta, sai shi ma ya fara. Likitanta na nan Kano ya ce ciwo biyu ne suka haɗu a ido ɗaya, yanar ido da kuma abin da muke kira hawan jinin ido. Ya ce yanar ba ta ba shi tsoro, in an cire ta gani zai dawo. Ɗayan ne mugu, don jijiyar gani yake ci a hankali daga gefe, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Ya rubuta magungunan ɗigawa, muka yi ta saye, kwalba tana ƙarewa a kan lokaci, amma duk awo sai a ga abin bai sauka ba. A ƙarshe ya ce sai aiki, kuma babba. Jin "babba" a kan ido ɗaya ya tayar wa ƙannena hankali, suka ce sai an ji ta bakin wani likitan. Bawan Allahn nan bai ji haushi ba, shi da kansa ya haɗa mu da wata likita da ya sani a Alƙahira.

Ƙanwata Binta ce za ta yi rakiya, sai haihuwa ta zo mata ba shiri. Duk gidan kuma ni kaɗai nake jin Larabci. Da aka gaya wa Adda wanda zai raka ta, sai ta ce, "Babu wani?" Aka ce babu. Ta ce, "To, Allah Ya kai mu lafiya."

A filin jirgin Kano aka turo mata keken marasa lafiya, ta ce ido ke mata ciwo ba ƙafa ba. Hannuna kuwa ba za ta riƙe ba. Sai muka yi dabara, na riƙe hannun jaka ɗaya ita ta riƙe ɗayan, ina gaba tana baya, muka shiga jirgi kamar masu rabon gado. A cikin jirgin ne na gane matsalar da ke gabanmu. Babu jika, babu bango, sai ni da ita kafaɗa da kafaɗa, abin da bai taɓa faruwa ba. Amma Adda ba ta rasa hanya. Sai ta fuskanci bayan kujerar gaba ta ce, "Ko mutum zai tambayi matar nan in suna da ruwan zafi." Ni ma na fuskanci tawa kujerar na ce, "Za a tambaya." Haka muka yi ta aika wa juna saƙo ta hannun kujera har muka sauka.

A wurin duba kaya aka tsayar da mu. Ban san Adda ta cusa kuka da yaji da daddawa a ƙasan jakarta ba. Jami'in, wani ƙato mai gashin baki, ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya, idonsa ya kawo ruwa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina, suka dube ni kamar na shigo da abin da zai tashi gari. Na tattaro duk Larabcin da na koya a littafi na yi musu bayanin ɗorawa da yadda ake dafa 'ya'yanta. Ya ce, "Ci kuke yi?" Na ce ci muke yi. Ya dubi Adda da ke tsaye riƙe da hannun jaka, ya tambayi abin da ya kawo mu. Da na ce ido, nan take fuskarsa ta sauya. Ya ɗaure ƙullin da kansa, ya sunkuya ya ce mata, "Allah Ya ba ki lafiya, uwata." Wannan kalma ta "uwata" na yi ta jin ta a bakin Misirawa har muka bar ƙasar, daga ɗan sanda har mai sayar da gurasa, kuma ta burge ni ƙwarai.

Larabcina dai ya sha dariya. Direban da ya ɗauko mu ya saurare ni ina kwatanta masauki, da na gama sai ya ɗaga hannu ya ce amin, wai ya zaci huɗuba nake yi. Nasu Larabcin kuwa gudu yake kamar motocinsu. Na zaci mu Kanawa mun iya ganganci a titi, ashe ɗalibai ne mu. Can mota ba ta tsayawa, mai tsallaka titi ma ba ya tsayawa, kuma kowa ya wuce lafiya. Na ga mutum a kan keke, hannu ɗaya a kan kan keken, ɗayan riƙe da wani dogon faranti na gurasa a kansa, yana ratsa motoci ko gezau. An ce baƙo ko da ido makaho ne, to mu biyu muka zama makafi, ni ne ma na fi ruɗewa.

Masaukinmu ɗakuna ne a saman wani tsohon bene. Mai gidan wata dattijuwa ce mai jiki da murya, ƙofarta na kallon tamu, ana ce mata Ummu Sharif. Ko zama ba mu yi ba ta shigo da shayi, ta rungume Adda kamar sun shekara da sabo, ta tambaye ni sunan babban ɗanta. Na ce ni ne. Ta tafa hannu ta ce, "Marhaba da Ummu Mustafa!" Ashe su can girmamawar da ake yi wa mace ita ce a kira ta da sunan ɗanta na fari. Sunan da Adda ta yi shekaru tana kewaye shi kamar rijiya, shi aka liƙa mata a goshi. Ta ji shi sarai a tsakiyar Larabcin. Ta tambayi bango, "Me matar nan take cewa?" Na gaya wa bango. Adda ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Ikon Allah."

Ba a gama da wannan ba sai ga Sharif ɗin da kansa, magidanci mai gemu da tumbi, ya dawo daga aiki. Ya kama kan uwarsa ya sumbata, ya sumbaci hannunta, ita kuma ta ja masa kumatu tana kiransa hasken idonta. Adda ba ta gani sosai, amma kunnenta garau. Ta ce, "Ƙarar me nake ji?" Da na yi bayani ta ce, "Ƙaton? Da gemunsa?" Ta daɗe tana girgiza kai. Ni kuwa na yi dariya.

Abinci bai ba mu wuya kamar yadda na zata ba. Da safe wake ne dafaffe da mai da gurasa mai zafi. Mai gurasar ba ya hawowa, kwando Ummu Sharif take zurarawa da igiya daga baranda, ya zuba, ta janye. Akwai wani abincinsu da suke haɗa shinkafa da taliya da wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya, Adda ta ɗanɗana ta ce wannan ai sauran tukwane aka tattara. Ranar da Ummu Sharif ta kawo wata koriyar miya mai yauƙi kuwa, Adda ta kai baki sai ta ce, "Lalo! Wallahi lalo ne!" Murna kamar ta ga 'yar uwa. Ta sa aka ɗauko daddawar nan ta ba Ummu Sharif tukwici. Baiwar Allah ta karɓa da godiya, amma na lura a baranda ta ajiye ta.

Likitar, Dakta Huda, 'yar siririya ce mai magana a hankali. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ni take kallo ba in tana magana, Adda take kallo, ni bakin haya ne kawai. Aka yi awo iri-iri. Akwai wanda aka sa Adda ta leƙa cikin wani farin kwano, aka ba ta maɓalli ta danna duk lokacin da ta ga ɗigon haske. Daga baya likita ta nuna mini hoton abin da idon ke gani, tsakiya fari, kewaye duk baƙi. Ta ce gefen ya riga ya tafi, tsakiyar nan ita muke yaƙi a kanta.

Sannan ta zauna ta yi bayani, ina juyawa da Hausa. Ta ce ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne. Ido yana yin ruwansa kullum, yana kuma da rariyar da ruwan ke fita. Rariyar Adda ta toshe, ruwa ya taru yana danne jijiya. Da na faɗi haka Adda ta gyaɗa kai, don duk wanda ya yi damina a gidan ƙasa a cikin birni ya san abin da toshewar rariya ke yi wa katanga.

Ta ce yanar dai dole a cire ta a sa wani ɗan gilashi a madadinta, tambayar ita ce me za a yi wa rariya. Ana iya cire yana kawai a ci gaba da magani. Wannan ya fi sauƙi, ruwan ma yakan ɗan sauka, amma ga idon da ya riga ya jigata ba ta yarda ya isa ba. Ana iya cire yana, a wannan zaman kuma a bi ta ƙofar da aka shiga a yashe tsohuwar rariyar daga ciki. Shi ne ƙaramin aiki. Haɗarinsa kaɗan ne, ido yana warkewa da wuri, sai dai ba ya saukar da ruwa sosai, yawanci sai an tallafa masa da maganin ɗigawa har abada. Sai babban aiki, wanda likitanmu na Kano ya ambata, a fasa sabuwar rariya a ƙarƙashin fatar ido ta sama. Shi ya fi kowanne saukar da ruwa, wani ma yakan rabu da magani. Amma yana son sintiri wurin likita, gani yakan yi hazo na wani lokaci, ƙwayar cuta na iya shiga, ruwan na iya sauka fiye da kima. Kuma jiki yakan ɗauki sabuwar rariyar a matsayin rauni ya yi ƙoƙarin liƙe ta, ta ce wannan ya fi yawa a jikin baƙar fata. Wasu likitocin raba aikin suke yi biyu, rariya yanzu, yana daga baya, amma wannan shiga biyu ke nan a ido ɗaya tilo.

Na ce, "Likita, ke wanne kika gani?"

Ta ce, "In har magani uku bai saukar da shi ba, abokina na Kano ya yi daidai, sai babban. Amma kafin in taɓa idon da ba shi da na biyu, akwai abin da nake so in gani." Ta miƙa wa Adda wata kwalba ta ce ta ɗiga yadda ta saba yi a gida.

Adda ta ɗaga kai, ta ɗaga kwalba, ta matsa. Ɗigo ya sauka a kan gira. Ta sake, ya sauka a kumatu ya gangara. Ta sake, ya faɗa a kan fatar ido a rufe. Sai ta sa bakin mayafi ta goge, ta miƙa kwalba ta ce, "Shi ke nan." Mutumin da ba ya ganin bakin kwalba, hannunsa kuma yana rawa, in ya ji sanyi a fuska sai ya ɗauka ya shiga. Duk watannin nan kumatun Adda muke yi wa magani. A ɗakinta take yi ita kaɗai, ta ce ta iya, wa kuma zai tsaya a kan Adda ya ce bari in gani?

Dakta Huda ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta sha ganin haka, shi ya sa ba ta yarda da kwalbar da ta ƙare, sai idon da ya sha. Ta ce yanzu ba mu san ko magani yana aiki ba, don ba a taɓa gwada shi ba. A je a yi mako ana ɗigawa daidai. In ruwa ya sauka, ƙaramin aiki ya wadatar. In bai sauka ba, sai babban. Ta nuna ni ta ce, "Kai za ka riƙa sa mata."

Na juya wannan da Hausa ina kallon ƙasa. Adda ta ce wa teburin likita, "Matar gidan can ta sa mini." Likita ta ce a'a, hannun da zai koma Kano da ita take so ya koya. Adda ta ce, "To, a yi babban." Wato ta gwammace a fasa mata ido da in tsaya a kanta fuska da fuska. Na fassara don amana ce. Likita ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi dalili, na yi mata bayanin kunyar ɗan fari iyakar iyawata. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Sannan ta ce in gaya wa Ummu Mustafa cewa babban aikin ma sai an yi ta ɗiga magani bayansa, ya ma fi yawa a makonnin farko. Ta kowace hanya aka bi, sai an bi ta hannun wani.

Muka koma masauki. Lokacin magani ya yi, ya wuce. Bayan la'asar na kasa daurewa. Na je na durƙusa a gabanta, kuma a karo na farko a rayuwata ban yi wa bango magana ba. Na ce, "Adda, ki gafarce ni. In idon nan ya tafi, ba jaka za ki riƙe ba, hannuna za ki riƙe, daga nan har Gwale, kullum. Ɗigon nan ya fi wancan sauƙi a gare ki." Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ban san yadda za ta ɗauka ba. Na tashi na fita baranda ina kallon kwandon Ummu Sharif.

Can sai na ji muryarta daga ciki. "In mutum zai yi, ya wanke hannu."

Na wanke har gwiwar hannu kamar mai alwala. Ta jingina da kujera ta ɗaga kai. Likita ta koya mini a ja fatar ido ta ƙasa da yatsa, a ɗiga a cikin ɗan aljihun da ya buɗe, a rufe ido, a danne kusurwar hanci na ɗan lokaci. Na kai yatsa fuskar mahaifiyata. Ban taɓa sanin tana da ɗan tabo a ƙarƙashin gira ba. Na matsa kwalba, ɗigo ya sauka a kumatu. Adda ta ce, "Wannan ma kumatun ne ya sha." Dariya ta ƙwace mini, ita ma na ga bakinta ya motsa. Na biyu ya shiga. Ta ce, "Ashe zafi yake yi." Duk watannin nan ba ta san yana da zafi ba.

Da mako ya zagayo aka auna. Dakta Huda ta sake aunawa, sannan ta yi murmushi ta ce ruwa ya sauka sosai. Ƙaramin aiki za a yi. Ta ƙara da cewa kada mu ɗauka an gama, wataƙila wata rana a buƙaci babban, shi ya sa ta bar masa wurinsa ba ta taɓa ba, kuma likitanmu na Kano ya iya shi sarai, ba sai mun dawo ba. Na ji daɗin wannan magana. Ba kowane gwani ne ke yabon gwanin wani gari ba.

Aikin kansa bai kai zaman jiran ba. Tana farke aka yi, ba a sa ta barci ba. Ummu Sharif ce ta raka mu, ta zauna kusa da ni tana jan carbi tana tura mini gurasa wai na rame. Washegari aka cire bandeji. Adda ta yi ta ƙifta ido, ta dubi likita ta ce, "Ashe yarinya ce." Ta dubi zanen mayafinta ta ce ba ta san da ja a jikinsa ba, da ba ta sa shi ba. Ni dai ba ta dubi inda nake ba. Likita ta gargaɗe ta cewa tsakiya ta washe amma gefe ba zai dawo ba, duk abin da take son gani sai ta juya kai ta fuskance shi, musamman matakala da titi. Aka kuma hana ta sujada na ɗan lokaci. Wannan ya fi aikin yi mata ciwo, ta yi ta mita tana salla a kujera kamar an ci ta tara.

Ranar da za mu taho, matan nan biyu suka rungume juna suna kuka, kowace tana addu'a da harshenta, kowace tana cewa amin. Adda ta bar mata sauran yajin. Ummu Sharif kuwa ta dawo mana da daddawa, wai kada mu rasa ta a hanya.

Masu tambayata wane aiki ya fi, ga amsata. Ban sani ba, kuma wanda ya ce muku ɗaya ya fi a kowane ido bai zauna gaban likita ba. Na Adda ya dace da ita ne don magani ya kama, kuma akwai mai sa mata. Abin da na sani shi ne, in kuna da tsoho mai ɗiga magani, ku tsaya ku ga inda ɗigon yake sauka.

Mun iso gida aka cika tsakar gida da 'yan sannu da zuwa. Binta ta zo da jaririyarta, Adda ta karɓe ta ta daɗe tana duba fuskarta. Da lokacin magani ya yi, Binta ta ɗauko kwalba ta ce, "Yaya ya huta, yanzu ni zan riƙa sa miki." Ni ma na ɗauka an koma gidan jiya. Adda ta ce, "Bar shi. Hannunsa ya saba."

Washegari da safe na shiga gaishe ta, na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba, ina jiran ta amsa wa bango. Sai na ga ta juyo da fuskarta gaba ɗaya ta kafa mini ido. Ta dube ni tun daga hula har ƙafa, ba gaggawa. Na rasa inda zan sa kaina. Binta da ke gefe tana shayarwa ta kwashe da dariya ta ce, "Adda! Yau kuma wancan ake kallo haka? Lallai Masar ta ɓata ki."

Adda ba ta ɗauke ido daga kaina ba. Ta ba Binta amsa, amma ni take kallo.

"Da can ma ina kallonsa. Tun yana rarrafe nake kallonsa, da gefen ido. To, likita ta ce gefen ya tafi."

Binta ta sunkuyar da kai kan jaririyarta. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, da girmana da furfurata, ban iya tare su ba.

Adda ta jingina da bango, ta ɗaga kai sama ta ce, "Gaya wa wancan ya goge idonsa ya matso. Kada ya zubar mini a kumatu."